Yadda Sifu Seto Ta Sauko Daga Bene

"Ku mayar da makararku mota. Ban mutu ba tukuna."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma bangon gidan na katako ne, don haka duk wanda ke hawa na uku ya ji. Fung yana ɗakin girkin da mutanen hawan ke tarayya a cikinsa, yana juya kunun shinkafa. Ya rage wuta ya leƙo. Ƙatti biyu masu shuɗiyar riga, ma'aikatan motar asibiti, sun cika lungun da ke tsakanin ɗakuna, sun jingina gadon ɗaukar marasa lafiya da bango. A bakin ɗakin da ke kallon nasa, Wai-lan ce tsaye da jakar kayan uwarta a kafaɗa, idanunta jawur.

"Mama, ba makara ba ce. Gado ne. Kowa a kansa ake ɗaukarsa."

"Ta ina za su fara fitar da ni? Tambaye su."

Wai-lan ta juya ta yi musu magana da Turanci. Babban cikinsu, mai wuya kamar turmi, ya amsa a hankali yana kwatanta gangaren matakala da hannu. Fung ya tsufa a San Francisco, Turancinsa bai wuce na bakin murhu ba, amma ya gane. Ba a sauko da mara lafiya kansa na ƙasa. Ƙafafu ne ke yin gaba.

"Kin ji ko?" in ji tsohuwar daga kan gadonta. "Wa ake fitarwa ta ƙofa ƙafa gaba? Ke da na haifa a ƙasar nan ma kin sani. Gawa."

"Sun ce akwai kujera mai ɗauri."

"A kujerar ma ƙafata ce za ta riga ni fita a hannun mutane."

Tsoho Kwan, wanda aka yanke wa maƙogaro shekarun baya, ya leƙo daga ɗakinsa. Ya danna ƙyallen da ya rufe ramin wuyansa da yatsa, muryarsa ta fito kamar ana jan tukunya a kan siminti. "Sifu, ai ko tafiya mutum yake yi ƙafa ce ke fara fita."

"Ƙafar da ta kai kanta daban, wadda aka ɗauka daban. Rufe mana wannan ramin naka, Kwan."

Sunanta Seto Yuet-ngo, amma an daɗe ba a ji wani ya kira shi ba. Sifu ake ce mata, wato malama. Ta yi ƙuruciyarta a kan keken ɗinki a masana'antar riguna, har ciwon daji ya ci mata nono ɗaya. Da ta tashi daga wannan jinyar sai ta fara fita dandalin unguwa da sassafe tana taici, wannan motsa jiki mai tafiyar hawainiya da tsofaffi ke yi. Ita ba ta neman masu lafiya. Waɗanda ciwon ya tauna ya tofar take tarawa: masu sanƙon magani, masu sanda, masu tsoron tsallaka titi. Yanzu ta haura tamanin, ciwon ya dawo ta huhu ya gangara ƙashi, likitoci sun naɗe hannu. Yau za a kai ta gidan jinya na ƙarshe, inda ba a magani sai rage zafi.

Shi ma Fung tsintarsa ta yi. Lokacin da aka cire masa fiye da rabin tumbi, ya dawo ɗakinsa ya kwanta ya juya wa duniya baya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana dafa wa jama'a abinci ya koma cokali kaɗan ke cika shi. Maganin da aka ɗura masa ya kashe masa tafin ƙafa, yana taka ƙasa kamar yana taka auduga. Wata safiya ta buga masa ƙofa da silifa, ta shigo ba izini, ta yaye masa bargo.

"Tashi ka riƙe bakin ƙofa."

"Ki bar ni in mutu cikin mutunci."

"A cikin wannan warin? Tashi."

Ba ta koya masa komai ba a watan farko sai tsayuwa. Ta ce ya ɗauki ƙafafunsa kamar kofi biyu, ruwan kuwa cikin kofi ɗaya ne kacal. Ya juye nauyinsa duka cikin ta dama har ta hagu ta zama wayam, sa'an nan ya juye shi cikin ta hagu. Ƙafar da ke da ruwa ba a ɗaga ta. Wanda ya raba ruwan biyu don tsoro, shi ne ke faɗuwa. Da wannan ta fitar da shi lungu, ta sauko da shi titi, ta kai shi dandali.

"Fung!" ta kira yanzu. "Ragon kuku, na ji kununka yana kamawa, na san kana laɓe. Shigo."

Ya kashe wuta ya shiga. Ɗakin bai fi a miƙe hannu biyu a taɓa bango ba: gado, keken ɗinki a lulluɓe da zane, tulun iskar numfashi da siririyar roba da ta tafi hancinta. Ta riga ta sa rigarta mai ruwan toka wadda ta ɗinka da hannunta, da takalmin ƙyalle na dandali. Ta rame har rigar ta yi mata kamar ta aro.

"Za ka shige gabana, ka juyo kana kallona, ka sauka da baya. Tafiya da baya ai na koya maka. Hannuna a kan naka. Ban ce ka riƙe ni ba, ɗorawa zan yi."

Kafin ya amsa Wai-lan ta ja hannun rigarsa zuwa lungu, ta rage murya.

"Kawu Fung, ciwon ya shiga ƙashin ƙugunta. Likita ya ce kamar alli yake. Idan ta faɗi babu gyara, da ihu za ta ƙarasa kwanakinta. Kai ma ƙafarka ba ta jin ƙasa, kowa ya sani. Ka ce mata a'a. Maganarka za ta ji."

"Tawa? Tun da nake ban ga ta ji ta kowa ba."

"To idan ta faɗi fa? Kai za ka ɗauki alhakin?"

Fung mutum ne mai tauna magana. Ko a gidan abinci ana yi masa tsiya cewa sai ya yi shawara da albasa kafin ya yanka ta. Ya tsaya yana kallon gadon da ke jingine da bango. Idan ya ƙi, za a ɗaure ta a sauko da ita lafiya lau, ba ƙwarzane, amma a lissafinta ta riga ta mutu tun a bakin ƙofa. Idan ya yarda ta zame, da hannunsa ya saya mata mummunan ƙarshe, ya bar wa 'yarta abin da ba za ta manta ba. Wanne ne cin amana a ciki? Ya kuma zargi kansa. Wataƙila ba ita yake tausayi ba, tsoro yake ji kada ta dube shi da idon da ta dube shi ranar da ta yaye bargo.

Ya koma ɗakin ya tsuguna a gefen gado.

"Sifu, ki gaya mini gaskiya. Girman kai ne?"

"Girman kai ne mana. Da me kake tsammani na kai yau, da kununka?" Ta tsaya ta ja iska. "Leƙa taga."

Ya leƙa. A ƙasa, bakin ƙofar gidan, 'yan dandali ne tsaye a gefen motar asibiti. Labari ya kai musu, sun gama motsa jiki sun taho rakiya da sandunansu da jakunkunan cefane.

"Ka ga mai jar hula? Matar Lui ce, makon jiya ta fara zuwa. Mijinta ne ke jawo ta, tana kuka. Idan ta ga an fito da ni kamar buhun shinkafa, gobe za ta fito?" Ta rufe ido ta buɗe. "Kuma ko babu kowa a ƙasan, ƙofata ce. Da ƙafata na shigo ta."

Fung ya miƙe. Bai dubi Wai-lan ba, don ya san idan ya dube ta zai fasa. Ya cire silifansa ya ajiye, saboda da safa kaɗai ya fi jin katako.

Wai-lan ta roƙi ƙattin su sa baki. Mai wuyan turmi ya shiga ya yi wa tsohuwar 'yan tambayoyi, 'yar tana fassarawa: ko ta san inda take, ko ta san abin da faɗuwa za ta jawo mata. Ta amsa duka, ta ƙara da cewa maɓallin rigarsa na biyu ya kusa tsinkewa. Mutumin ya dubi maɓallin, ya dubi Wai-lan, ya ce mai hankalinta ba a ɗaukar ta dole. Shi zai shige ƙasa da Fung ya zama bango.

"Mama, kin fi ƙarfina," in ji Wai-lan. Ta ajiye jaka, ta rungumi tulun iskar da hannu ɗaya, ɗayan ta cusa yatsu a bayan ɗamarar uwarta.

"Ban ce ki riƙe ni ba."

"Ba ke na riƙe ba, wandonki na riƙe. Ya yi miki yawa, zai zame a gaban ɗalibanki."

Tsohuwar ta yi wani sauti mai kama da dariya, ta bar ta.

Tashi daga gadon ma aiki ne. Ta matso bakin katifa, ta dasa ƙafafu, ta jira numfashi ya zo, ta miƙe a kansa. Hannayenta a kan na Fung ba su fi nauyin busasshen ganye ba. Suka fito lungu. Ƙofofi sun buɗe, maƙwabta sun tsaya cirko-cirko, ba mai tari.

A bakin matakala Fung ya laluba da ƙafa ta baya. Babu abin da ya ji sai audugar nan da ya saba. Ya dubi gwiwarsa don ya tabbatar ta sauka, sa'an nan ya juye nauyinsa.

"Kada ka kalli ƙasa. Ni za ka kalla."

"Ina kallonki."

"Mummunar fuska ce za ta raka ni, amma haka na samu."

Ta juye cikin ta dama. Ta hagu ta zama wayam, ta tashi, ta laluba, ta sauka a kan katako na ƙasa. Ta fitar da iska, ta bi ta da nauyi. Suka tsaya. Suka sake. Matakalar tsohuwa ce, tsakiyarta ta lotsa, tana kuka a ƙarƙashin ƙaton da ke bayan Fung. Robar hancinta tana huci. Ƙamshin soyayyen kifin wani yana tasowa daga hawa na biyu. Fung ya daina tunani, abin da bai taɓa iyawa ba. Numfashinta kawai yake bi: idan ta ja ya jira, idan ta saki ya taka.

Sun wuce hawa na biyu, sun kai inda matakalar ke lanƙwasa, sai gwiwarta ta fara rawa. Ƙafa ɗaya tana sama, ɗaya tana ƙasa, ta tsaya cak a tsakani. Yatsunta suka damƙe hannunsa. Ya ga goshinta ya jiƙe, ya ga idanunta sun faɗa kan ramin da ke ƙasa. Tun da ya san ta bai taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai yau.

"Mama!" in ji Wai-lan. "Ya isa. Kin nuna musu. A ɗauke ta!"

Ƙaton ya matso har Fung ya ji numfashinsa a wuya.

Fung bai san daga ina muryar ta zo masa ba. Ya ɗaga ta kamar yana tsawata wa mai wanke-wanke.

"Wace irin tsayuwa ce wannan? Kin raba ruwa biyu! Wa ya koya miki? Ko sabon shiga ba ya wannan abin kunya. Juye!"

Idanunta suka baro ramin suka dawo kansa. Tsoron ya kau, wani abu da ya fi sabawa da shi ya maye gurbinsa.

"Ni kake yi wa tsawa? Kai?"

"Ke fa. Juye cikin ta ƙasa, duka. Ko sai na kira Kwan ya nuna miki?"

"Gara in faɗi," ta ce tsakanin haƙora.

Ta ja iska doguwa, robar ta yi fito. Yatsunta suka saki hannunsa suka koma ɗorawa. Ya ji nauyin ya bar ƙafar sama sannu a hankali ya gangara ta ƙasa, gwiwar ta karɓa, ta yi rawa, ta tsaya. Ƙafar sama ta taso ta sauko kusa da 'yar'uwarta.

Daga can sama muryar Kwan ta karto: "Da ni aka kira da tuni mun isa."

Ragowar sun yi ta a hankali fiye da farko, tana hutawa a kowane taki, kanta a miƙe. Da suka iso ƙasa, abokin ƙaton ya tura ƙofar gida ya tokare ta da kafaɗa, hasken titi ya shigo. Akwai ɗan tudun dokin ƙofa. Ta dube shi, ta janye hannayenta daga na Fung.

"Matsa."

Ya matsa. Ta juye, ta ɗaga ƙafa, ta tsallake, ta kawo ɗayar. Tana tsaye a kan titi ita kaɗai, sai yatsun 'yarta a bayan ɗamara.

'Yan dandali ba su tafa ba. Suka rataye sanduna a hannu, kowa ya dunƙule hannun dama ya rufe shi da tafin hagu, gaisuwar da ake yi wa malami, suka sunkuya. Matar Lui ba ta iya ba tukuna, ta haɗa hannun a juye, mijinta ya gyara mata. Sifu ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba ɗinki.

"Ke mai jar hula, sauke kafaɗarki, ba kaya kika ɗauko ba. Gobe ki zo da wuri." Ta juya ga ƙattin da suka sauko da gadon. "To, yanzu ku yi yadda kuke so. A waje nake."

Da kanta ta zauna a kai, suka kwantar da ita, suka ja mata bargo. Mai wuyan turmi ya faɗi wata magana, Wai-lan ta share ido da bayan hannu ta fassara: a mota kai ne ke fara shiga.

"Ka ga wannan an yi masa tarbiyya," in ji Sifu. "Fung, je ka sa takalmi, kana tsaye a titi da safa kamar mahaukaci."

Maganar ƙarshe ke nan da ya ji daga bakinta. Da motar ta sha kwana sai ya zauna a dokin ƙofa da safarsa.

Sifu ba ta ga ƙarshen makon ba. Wai-lan ta zo kwashe kaya, ta wuce ɗakinsa ba ta ƙwanƙwasa ba. Kwan ne ya kawo masa labarin cewa wata ma'aikaciyar jinya ta ce saukowar nan ta shanye ɗan ƙarfin da ya rage wa tsohuwar, don tun da aka kwantar da ita ba ta sake tashi zaune ba. Fung ya ɗauki maganar ya shiga ɗaki da ita. Yana zuwa dandali kullum, yana tsayawa a layinsa, amma yana juyi yana aunawa: kwanakin da ta rasa na wa ne? Nata ne, ta kashe su yadda take so, ko na 'yarta ne da bai tambaya ba ya bayar? Ya juya ta ta kowane gefe bai sami inda za ta zauna ba.

Ranar jana'iza aka zagaya da ita unguwa yadda ake yi. Masu busa ƙaho a gaba da fararen huluna, sai buɗaɗɗiyar mota ɗauke da babban hotonta cikin furanni, sai motar gawa, sai 'yan rakiya. A al'ada akan tsaya a ƙofar gidan mamaci, a buɗe bayan motar, don ya yi wa gidansa kallon ƙarshe. Fung yana tsaye a gefen titi cikin 'yan dandali, sanye da kwat ɗin da ya yi masa yawa tun bayan aikin tumbi.

Motocin suka tsaya. Wai-lan ta fito cikin baƙaƙen kaya, da farin zare a gashinta, alamar makoki. Ta dudduba, ta nufo shi kai tsaye. Ya gyara tsayuwa.

"Kawu Fung."

"Wai-lan."

"Da ta ƙara mako, ko biyu. Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba."

Ta gyaɗa kai tana kallon ƙasa. "Duk ma'aikaciyar jinyar da ta shigo sai ta ba ta labarin matakalar nan, ni ina fassarawa har na gaji. Ta ce in gaya maka ka kusa jawo ta ƙasa, ita ce ta riƙe ka." Ta ɗago. "Ƙofar nan rufe kanta take yi. Ka riƙe wa Mama ita."

Ya taka zuwa ƙofar, ya tura ta har bango, ya tsaya a gefe ya tokare ta da tafin hannu. Direba ya buɗe bayan motar. Masu busa suka sauke ƙahoninsu, titin ya yi tsit, sai kukan tattabaru a kan wayoyi. Hasken hantsi ya wuce ta gefen Fung ya shiga gidan, ya kwanta a kan katakon matakala, ya hau har inda take lanƙwasa.